Wane marfi ya dace da babbar kwalbar zoɓo da kunun aya?

Wajen ƙarfe biyun dare muka ji ƙarar farko, a wani azumi da ya faɗo cikin Afrilu. A Katsinar yanzu kuwa, in abu ya ce tau a tsakar dare, ba kwalba ce ke fara faɗo wa mutum a rai ba. Maigida ya diro daga gado yana salati, ni kuma na rarumo auta na danne ta a ƙasa. Ba mu gama tantance inda ƙarar ta fito ba sai ga ta biyu, har da tarwatsewar gilashi, kuma daga cikin sito. Da ya haska tocila sai ga kunun aya yana ɗiga daga silin, yana bin bango, tsinin kwalba ya cake a jikin buhun shinkafa. Kwalabe goma sha biyu ne masu cin santilita 75 na jera tun bayan isha'i, na wata Hajiya da za ta yi buɗa-baki a Daura, da niyyar in ba motar sassafe. Firiza ta cika, shi ya sa na bar su a nan. Maigida ya yafa bargo har ka, ya riƙa fito da sauran goman ɗaya bayan ɗaya yana tsoma su a baho. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Wai ke kunu kika yi ko nakiya?"

Kunun lafiyarsa lau lokacin da na ɗura, kwalaben ma na wanke su tas. Marfin ne ya ja mini. Satin nan na sayi injin buga marfin ƙarfe, ina ta murna kayana za su fito kamar na kamfani, na ɗauka duk yadda marfi ya kama gam to haka abin ciki zai daɗe. Tun daga ranar, duk wadda ta tambaye ni wane marfi za ta saya, sai na fara tambayar ta me za ta zuba, zai kwana nawa, kuma wa zai buɗe.

Abin da ke faruwa a cikin kwalbar ba boyayye ba ne. Aya, gero, dawa, citta, dabino, kowannensu yana ɗauke da yis da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, haka hannunki da rariyarki da injin markaɗen unguwa. Da sun samu sukari da ɗumi sai su hau ci, suna fitar da tsami da iska. A cikin ƙwarya ko bokiti iskar tafiyarta take yi, ki ga 'yar kumfa a sama ki ce kunu ya tashi. A kwalbar da aka liƙe ba ta da hanyar fita. Mu ba giya muke yi ba, Allah Ya tsare, amma masu yin ta a Turai sun daɗe da auna wannan abu, kuma lissafinsu yana da amfani gare mu. Masu giyar inabi mai kumfa a Faransa giram 24 na sukari suke ƙarawa a kowace lita, wato cokalin shayi shida, kuma in yis ya cinye shi, ƙarfin iskar da ke cikin kwalbar yana kai kusan 90 a ma'aunin mai faci. Tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 ake sa mata. Shi ya sa kwalbarsu ke da kauri, nauyinta babu komai ciki ya haura giram 800. To lemon kwalba na kanti yana da sukari wajen giram 100 a lita, kuma kunun da nake yi wa masu son zaƙi bai kasa haka ba. Ba sai an cinye duka ba, kashi ɗaya cikin huɗu ya isa ya fasa gilashi, kuma a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 dare ɗaya ya ishe shi.

Babbar kwalba ta fi ƙarama haɗari ta fuska uku: iskar tana da faɗin bangon da za ta tura, sanyi yana daɗewa bai kai tsakiyarta ba, sannan ba a shanye ta a zama ɗaya, ana buɗewa ana mayarwa. Akwai kuma abin da ya fi fashewa nauyi a wurinmu. Abin sha mai zaƙi in ya daɗe yana tashi, hanyar maye ya kama. Ya zo a hadisin Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha har yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan nan ba ya ajiye shi. Kunun da ya fara cizon harshe yana ƙamshin barasa, zubar da shi ake yi.

Bari in fara da wanda ya ja mini asara, marfin ƙarfe mai haƙora irin na lemon kwalba, wanda yara ke tarawa suna buga ƙwallo da shi a ƙasa. Wani Ba'amurke mai suna William Painter ne ya ƙirƙiro shi a Baltimore a 1892, kuma in kika ƙirga haƙoransa za ki samu 21. A wajen liƙewa babu wanda ya kai shi. Yana da arha in an saya da yawa, ba ya yoyo ko an kwantar da kwalbar, kuma ba wanda zai buɗe ya mayar ba a gane ba. Sai dai girmansa biyu ne, kuma nan mutane ke faɗawa rami. Na lemon kwalba milimita 26 ne. Da yawa daga cikin manyan kwalabe masu kauri, irin na ruwan inabi mai kumfa da ake jerawa a teburin amarya, bakinsu milimita 29 ne. In kika ɗora na 26 a kan bakin 29, ko dai ya zauna a karkace ko bakin ya tsage. Ki ɗauki rular 'yan makaranta ki auna kafin ki sayi komai. Wasu kwalaben kuma bakinsu na murɗawa ne, mai zare-zare a jikin gilashin, waɗannan ko marfin ya zauna ba ya kamawa sosai da injin hannu.

Injin ma iri biyu ne. Akwai mai hannu biyu kamar almakashi, wanda ke cafke wuyan kwalba daga ƙasa kafin ya danna. An ƙera shi ne don wuyan ƙaramar kwalba, in ya gamu da babba mai kaurin wuya sai ya zame ko ya gutsure gilashin. Akwai na tebur mai sanda ɗaya da ke dannawa daga sama, ana ɗaga kansa ko a sauke daidai tsayin kwalbar, ana kuma iya canja masa baki daga 26 zuwa 29. Ya fi tsada, amma mai niyyar manyan kwalabe kada ta ɓata kuɗinta a na farkon.

Ga abin da ya dace da wannan marfi: zoɓon da aka dafa, aka ɗura da zafinsa. Zoɓo yana da tsami mai ƙarfi na kansa, kuma tsamin nan ke hana miyagun ƙwayoyin cuta sakewa. Yadda nake yi, ina tafasa shi da citta da kanumfari da sukarinsa duka a tukunya, in tace in mayar wuta, kwalabe kuma suna cikin ruwan zafi suna jira, don gilashi mai sanyi in ya gamu da tafasasshen ruwa tsagewa yake yi. In ɗura yana turiri, in bar kamar yatsa biyu a sama, in buga marfi nan take, in kwantar da kwalbar minti biyu don zafin ya taɓa cikin marfin, sannan in tayar da ita ta huce a hankali. Irin wannan na ajiye shi ya kai wata a sito bai canja ba. Amma da kin zuba ɗanyen abarba ko kokwamba ko ruwan randa bayan an sauke, to kin mayar da yis ciki, duk wahalar ta tashi a banza. Kunun aya kuwa ba ya shiga wannan hanya ko kaɗan. In ya ji wuta sosai sitacin cikinsa kauri yake yi ya koma kamar koko, sannan ba shi da tsamin da zai kare shi, don haka ko an tafasa an liƙe ba abin ajiyewa a ɗaki ba ne. Mutanen Balensiya a Sifen, da su ma kunun aya ne abin alfaharinsu, a cikin tsananin sanyi suke riƙe ɗanyensa su sayar cikin 'yan kwanaki.

Sauran aibin marfin haƙora ƙanana ne amma suna da ban haushi. In an buɗe an buɗe kenan, kwalba mai 75 kuwa mutum ɗaya ba ya shanyewa, sai ƙuda ya samu wurin zama. Sai da mabuɗi, in babu sai ki ga samari suna gwada haƙoransu a wurin biki. Da damina yana tsatsa in ya daɗe cikin ruwan ƙanƙara. Sannan ina za ki samo kwalaben? Na lemon kwalba da ake mayarwa a kires mallakin kamfani ne, sunansa na jikin gilashin, ba a sayar da kayan wani a ciki. Wadda kuwa aka taɓa zuba barasa, ko an wanke ta sau bakwai ba zan kai gidan mutane ba, in wani ya gane siffarta sunan sana'arki ya ɓaci daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Sauri.

Akwai ɗan'uwansa da ba a cika kula shi ba, marfin ƙarfe mai faɗi da ake ɗan murɗawa kaɗan ya kama, irin na kwalbar jus ta gilashi mai lita ɗaya, mai 'yar cibiya a tsakiya. Don ɗurin zafi aka yi shi. In zoɓon ya huce sai ki ji ƙyas, cibiyar ta lotsa ciki, alamar ya kama. Ranar da kika ga ta taso, ko kika danna ta yi ƙara, to iska ta shiga ko abin ciki ya fara lalacewa. Ba ya buƙatar inji, ana buɗewa a mayar, bakin kuma yana da faɗin da buroshi zai shiga. A ganina, ga zoɓon gida, ya fi marfin haƙora hankali. Abu biyu za ki kiyaye: ba ya riƙe gas, kuma farin robar da ke cikinsa in ta sha zafi sau ɗaya ko biyu ta gama aiki, tsamin zoɓo kuma yana cin duk inda fentin cikin ya kankare. Marfin alminiyam siriri mai tsawo kuwa, wanda ke kan wasu manyan kwalabe, inji ne ya matsa zarensa a jikin kwalbar tun a kamfani. Zai yi miki sau biyu ko uku a firij, daga nan sai ya fara juyawa ba ya tsayawa.

Sai kwalba mai ƙugiyar waya, wadda marfinta ke rataye a wuyanta, fari na tangaran ko na roba da zoben roba a jikinsa, a danna wayar ta ce ƙwas. Ta girmi marfin haƙora, a 1875 Charles de Quillfeldt ya yi rajistarta a New York. Yanzu ta zama kayan jeren amare, ana samun ta a shagunan kayan kicin, mai rabin lita, mai 75 da mai lita guda. Ina son ta, ba zan ɓoye ba. Ba inji, ba sayen marfi kullum, ana buɗewa a rufe sau ɗari, kuma ita kaɗai ce a cikin na gilashi za ki iya ɗan ɗaga wayar iska ta fita ki mayar. Mai yin lemon citta a gida da ke son ya ɗan yi gas, wannan ce tata, da sharaɗin kwana ɗaya a waje sannan firij.

Amma a yi hattara, ba duk mai ƙugiya ce ke jure iska ba. Masu kusurwa huɗu da masu zanen furanni, sirara marasa nauyi, na ado ne, na ruwan sanyi da man zaitun. Iska tana taruwa ta tura kusurwa, can take fashewa. Ki nemi mai zagaye, mai nauyi a hannu, mai kaurin gindi. Rayuwarta kuma duk tana kan zoben robar nan. Hunturu yana busar da shi ya tsattsage, zafin bazara yana sa shi ya saki, zoɓo yana rina shi, citta tana barin ƙamshinta har kunun aya na gobe ya ɗauka. Ranar da za ki saya ki tambayi mai shago ko yana da zoben daban, in ya ce babu to ki san kwalbar shekara ɗaya ko biyu za ta yi miki. A cire zoben a wanke shi shi kaɗai duk lokacin wanki, don ƙarƙashinsa baƙin datti ke ɓuya. In kina shakkar ko yana kamawa, zuba lemo mai gas, rufe, girgiza, ki nutsa kan cikin bokitin ruwa kamar yadda mai faci ke neman huji a tub. In ƙananan kumfa suna fita daga gefe, zoben ya mutu.

Ga sana'a kuwa ba ta yi ba. Kuɗin kwalbar ya ninka na abin da ke ciki. Na taɓa kai guda ashirin wani gidan suna, uwar gida ta ce, "Kada ki damu ƙanwata, gobe yaro zai kawo miki." Bakwai suka dawo, ɗaya babu waya. Ban yi magana ba, don na san sauran suna cikin firij ɗin dangi ana sa ruwa. Kuma kowa na iya buɗe ta a hanya ya kurɓa ya mayar ba wanda ya sani.

Toshiya ba zan daɗe a kanta ba. Ta asali ɓawon wata bishiya ce da ake saɓulewa duk shekara tara, kuma kusan rabin ta duniya daga Fotugal take fitowa. Doguwar sai da injin cusawa da abin zarewa. Mai hula da ake turawa da hannu tana da kyau a hoto, amma da iska ta ɗan taru sai ta yi tsalle, shi ya sa masu abin kumfa ke ɗaure tasu da kejin waya. Busasshiyar iskarmu tana sa ta ƙanƙance, kuma tana shan kunu ta yi funfuna. Ta yi wa zuma da man ridi. Abin dariya shi ne kakata a ƙauye da totuwar masara take toshe gorar kununta, ba ta taɓa fashe mata ba, don totuwa tana barin iska ta sulale. Yoyon da nake raina wa toshiyarta shi ne ya hana ta ganin abin da na gani a sito.

Yanzu ga wadda kusan kowa ke amfani da ita, gorar roba mai marfin murɗawa. Duk wadda ke sayar da kunun aya, kunun zaƙi, ko zoɓon da ba a ɗura da zafi ba, nan ya kamata ta tsaya, kuma dalilina na farko shi ne roba tana magana. Ki matsa ta da yatsa. In ta lotsa, lafiya. In ta yi tauri kamar ƙwallon da aka cika, kunu ya tashi, kin sani tun kafin ya kai hannun mai saye. Gilashi ba ya gaya miki komai sai ya fashe. In ma robar ta fashe, wanki ne ya same ki, ba ɗinki a asibiti ba. Tana shiga firiza, abin da gilashi ba ya yi, don ruwa in ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. A babbar gora ki bar yatsa uku zuwa huɗu a sama.

Sai dai gora suna ta tara. Ta ruwan sha, wadda muke ce wa gorar Faro ko ta wane kamfani ce, siririya ce, an yi ta don ruwan da ba shi da gas, in iska ta taru gindinta ke fara turowa ta kasa tsayuwa. Ta lemo mai gas ta fi kauri, santsi ne jikinta, gindinta mai ƙafa biyar, marfinta kuma yana da zurfi da abin da ke kama bakin daga ciki. Ita ce mai jure tashi. Marfin ɗaya ba ya hawa ɗaya yadda ya kamata. Ko a cikin na lemon, masu milimita 28, akwai tsohon yayi mai dogon wuya da sabo mai gajere, in kika haɗa su sai ya yi kamar ya ɗauru alhali yana tsiyaya. Wannan ne ya sa nake sayen gora da marfinta wuri ɗaya, daga buhu ɗaya, in kuma gwada biyar da ruwa a gaban mai shagon, in kifa su in matsa. Dukansu ba sa son zafi. Daga wajen digiri 60 zuwa 70 robar ke fara motsewa, wuyan ya karkace, marfin ya daina kamawa. Zoɓo sai ya huce sarai kafin ya shiga.

Sabuwa ko tsohuwa? Na san tsohuwa ta fi arha, na kuma san da ita yawancinmu muka fara. Amma gorar da ta biyo ta hannun 'yan jari-bola ba ki san inda ta kwana ba. Wata fetur aka sayar a cikinta a bakin titi, wata maganin feshin gona, wata a gefen gadon marar lafiya aka tsince ta. Roba tana riƙe wari da maiƙo ta yadda omo ba ya fitarwa. In dole ne, a tsaya ga wadda aka sha a gidanki ko gidan da kika sani, a kuma saya mata sabon marfi. Sabon marfi yana zuwa da zobensa a maƙale, in an murɗa ya zauna, ba ya buɗuwa sai zoben ya tsinke ya ce ƙaras. Wannan ƙarar ita ce shaidarki a wurin mai saye cewa daga hannunki ba wanda ya sa baki. Tun da na koma sababbi masu zobe, masu kanti biyu da suka ƙi karɓar kayana a da suka fara karɓa. Wadda kuma ke son ta shiga manyan kantuna sosai, sai ta nemi rajistar NAFDAC da takarda mai ranar yi da ranar lalacewa, nan ma marfi mai zobe ne zai fitar da ita kunya.

Dabarar nan ta shimfiɗa leda a bakin gora kafin a murɗa marfi, a daina. Ana yi ne don tsohon marfi ya saki, ledar kuma tana cika zaren ta hana shi kaiwa ƙasa. Yoyon yana tsayawa na awa biyu, da mota ta fara girgiza sai ya dawo, kunu ya taru a cikin naɗin ledar ya yi tsami tun kafin na cikin gorar. Ledar da ake sa wa a wuya a busa mata zafi ta kama, ita ado ce da shaida kawai, ba ta hana ɗigo ɗaya fita, kuma in za ki sa, na'urar busar da gashi ta isa, kada ki tsoma kan gorar a tafasasshen ruwa. Takardar alminiyam da ake liƙewa a baki kamar ta yogot tana da kyau ƙwarai, amma sai da injinta da wutar lantarki da marfi na musamman, kuma abin da ke tashi kumbura ta yake yi ya ɓalle. Mai yin ɗaruruwa a rana ce za ta ci ribarta.

Jarka mai lita huɗu ko biyar ita ce ta biki da masallaci. Ki nemi mai 'yar toshiyar roba a ciki kafin marfin waje, don marfin waje shi kaɗai ba ya hana yoyo in an kwantar. Ba ta jure iska, kumbura take yi ta zama kamar tulu, kuma tsakiyarta na iya kwana a firiza bai yi sanyi ba in wuta ta yi wasa. Ni sai na sanyaya kunun a faffaɗan bokiti mai marfi tukuna, sannan in ɗura.

Wani abu game da daskarar da gora mai lita ɗaya da rabi da ba a faɗa wa sabuwar shiga: in ta fara narkewa zaƙin ke fara sauka. Wanda ya tsiyayi kofin farko zai ce kin cika sukari, na ƙarshe ya ce ruwa kika sayar masa. A gaya wa mai saye ya bari ta narke duka ya girgiza. Don haka in na sha yanzu ne, ƙananan gora sun fi, babbar ta iyali ce da za a buɗe a kan tabarma lokaci ɗaya.

In kuma kika tarar gora ta yi tauri, kada ki girgiza, kada ki buɗe a ɗaki. A sa ta cikin ruwan ƙanƙara ta yi sanyi sosai, don sanyi yana sa iskar ta lafa cikin ruwan, a fita tsakar gida, a kau da fuska, a murɗa kaɗan har a ji tsss a tsaya, a sake. In gilashi ce, a naɗe ta da tawul mai kauri kafin a taɓa, yara kuma su yi nisa.

Hajiyar Daura ba ta daina saye a wurina ba, ko da yake ranar sai da na kira ta da asuba ina ba ta haƙuri. Daga Katsina zuwa can wajen kilomita 80 ne, a but ɗin motar haya da rana ke dukansa. Yanzu kunun ayarta a sababbin gorunan lita ɗaya da rabi yake tafiya, a daskare, a tsaye cikin kula, da tsohon zani a cusa tsakaninsu. Zoɓon kuma in na Sallah ne, da zai zauna kwanaki ana ba baƙi, shi nake ɗura wa a gilashi da zafinsa in sauko da injin daga saman kabad. Duk lokacin da zan ba direba sai na ce, "Malam, don Allah kada a ɗora buhu a kai, kuma kada a kwantar." Shi kuma ya ce, "Hajiya, ai na san kayanki." Sai na tsaya na ga ya rufe but ɗin kafin in hau Keke Napep in koma gida.